Madam 'yar Filifin ce, kuma katinka a jikin nata yake rataye

Wani ɗan'uwa ya rubuto min daga Amurka, wai matarsa 'yar Filifin ce musulma, tana bincike a jami'a da bizar J-1 ta baƙin ɗalibai da masu bincike, shi kuma J-2 ta iyalin mai J-1 yake a ƙarƙashinta. Wani ejan ya ce su kawo dala 8,000 zai fito musu da girin kat, wato katin zama na dindindin, ta ajin ƙwararru da ake kira EB-1, ga kuma Hajiya a gida ta matsa sai ya zo an ɗaura masa aure da 'yar ƙanwarta tunda har yanzu shiru ba haihuwa.

Toh malam, kafin ka ba kowa sisi ku ɗauko DS-2019 ɗin madam, wato takardar da aka ba ta bizar J-1 a kanta, da bizar da ke fasfo ɗinta ku duba ko an rubuta dokar komawa gida ta 212(e) ta hau kanta. In ta hau, sai ta koma Filifin ta yi shekara 2 ko ta samu yafiya, kafin nan ba girin kat ba bizar aiki ta H-1B, kai ma dokar ta haɗa da kai. Yafiyar ta fom DS-3035 ake nema, kuma yawanci sai gwamnatin Filifin ta ba da takardar cewa ba ta da ja, in kuwa kuɗin gwamnati ne ya kawo ta irin tallafin karatu na Fulbright na gwamnatin Amurka abin ya fi wuya. Ejan ɗin ya tambaye ku wannan? Na san bai tambaya ba.

Kuma EB-1B, reshen EB-1 na malaman jami'a da masu bincike, jami'ar da za ta ba ta aiki na dindindin ita ke shigar da fom ɗin neman, wato I-140, sai tana da shekara 3 a koyarwa ko bincike ta kuma cika sharaɗi 2 cikin 6 na nuna ƙwarewa. To ina ejan ya shigo a nan? In kanta za ta nema wa akwai NIW, hanyar wanda aikinsa zai amfani Amurka, shi ma lauyan shige da fice mai lasisi za ku samu. Wallahi na ga wanda ejan ya haɗa wa wasiƙun farfesoshi na bogi, aka gano, yanzu tabon ƙarya na kan fayil ɗinsa har abada, ejan ya kashe waya.

Maganar Hajiya kuma ina tare da kai. Addini ya halatta, ba mai ja, amma dokar Amurka ta hana girin kat ga mai niyyar zama da mace fiye da ɗaya a Amurka, kuma tambayar tana nan ɓaro-ɓaro a fom ɗin neman girin kat, I-485. Ka ce a'a ka yi ƙarya, ka ce e an hana ka. Ga shi katin naka ta hannun matar nan zai fito, baiwar Allah tana kwana a lab saboda ku biyu, sannan a yi mata kishiya a ɓoye? Haba, ai wannan cin amana ne.

Ka samu kawunka da Hajiya ke jin maganarsa ya zauna da ita ya yi mata bayani a tsanake, kai kuma ka kira ta da ladabi. Zancen haihuwa ku je asibiti ku biyu a duba ku, har da kai.