Amsa kan yadda ake karanta sakamakon ƙananan rukunonin gasar hoki ta ƙanƙara

Ɗan'uwa daga Tawa, ka tambayi dalilin da ya sa ƙasar da ta sha kaye take samun maki a teburin da ka gani. Ni ma nan Yamai abin ya ɗaure mini kai da farko, domin mun saba da lissafin ƙwallon ƙafa.

A gasar duniya ta IIHF, wato hukumar hoki ta ƙanƙara ta duniya, babu kunnen doki. Wanda ya yi nasara cikin minti 60 yana samun maki 3, amma idan aka tashi daidai sai a ƙara lokaci, ko a je bugun daga kai sai mai tsaron gida, wanda ya ci ya ɗauki maki 2, wanda aka ci kuma ya tsira da maki 1. A ganina wannan tsari ya yi adalci ga ƙasar da ta jure har ƙarshe.

Ƙasan manyan ƙasashe 16 akwai rukuni na 1 zuwa na 4, kuma galibi ƙasashe 6 ne suke karawa da juna, ta farko ta hau sama, ta ƙarshe ta sauka. A waɗannan rukunonin ne za ka iske Afirka ta Kudu, wadda ta shiga hukumar tun 1937.