Goron Albishir da Ƙaiƙayin Masheƙiya: Amsar Tambayoyinku

Tambayoyin da suka taru mini a wannan karon kusan dukkansu daga tsakar gida suka fito, daga bakin murhu da gindin turmi da hirar ƙawaye. Na ji daɗin haka ƙwarai, domin a nan ne Hausa ta fi ɓoye kayanta masu tsada, kuma a nan ne suka fi saurin salwanta ba tare da kowa ya lura ba.

Wata matashiya daga Zariya ta rubuto: "Malam, idan ƙawata ta ce mini 'albishirinki', sai na ce 'goro', ta ce 'fari ko ja', na ce 'fari'. Tun ina yarinya nake faɗar haka, amma ban san abin da ya haɗa goro da labari ba."

'Yata, albishir aro ce daga Larabci, daga bishara, wato labari mai faranta rai. Wannan "al" da ke gabanta ita ce ta Larabci da ta manne wa kalmar, kamar yadda ta manne a albasa da alkama da alheri. Ita kanta kalmar labari haka ta shigo, "l" ɗin farkonta ragowar wannan "al" ce. Goro kuwa alkawari kike ɗauka. Cewa kike: faɗa mini, ladanki goro. Ki tuna goro ba ya fitowa a ƙasar Hausa. A da, fatake ne suke korar jakuna wata da watanni zuwa Gwanja, su saro shi a kasuwar Salaga da ke ƙasar Gana ta yau, su dawo da shi a lulluɓe cikin ganye ana yayyafa masa ruwa don kada ya bushe. Abin da ya sha irin wannan tafiya ba a bayar da shi a banza, shi ya sa ya zama kayan girmamawa. Da shi ake gayyatar suna da ɗaurin aure, har yau muna cewa goron gayyata ko da kati aka kawo, muna cewa goron sallah ko da kuɗi aka bayar. Farin goro ya fi ja daraja a idon mutane, don haka mai jiran albishir ke cewa "fari ƙal".

Abin da ya fi burge ni a wannan 'yar musayar shi ne jinkirin da ke cikinta. Kafin a kai ga labarin an yi magana huɗu, kuma tun daga ta farko hankalinki ya kwanta, kin san alheri ne ke tafe. Kada ki haɗa goron albishir da tukuici. Tukuici ɗan aiken da ya kawo kyauta ake ba shi, kamar yaron da maƙwabciya ta aiko da kwanon dambu, ki juye ki sa masa 'yan kuɗi a hannu. Wanda ba shi da abin bayarwa ya yaba da baki, shi ne ake cewa yaba kyauta tukuici.

Wani magidanci daga Kaduna ya ce matarsa ta haihu, ya rubuta wa 'yan'uwa a WhatsApp cewa "mun samu karuwa", sai yayansa ya kira shi ya yi masa faɗa. Yana tambaya ina laifinsa.

Da farko barka, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Yayanka yana da gaskiya, ɗan'uwa, ko da yake niyyarka tsarkakakkiya ce. Abin da ka so rubutawa shi ne ƙaruwa, daga ƙaru, wato gida ya daɗu da mutum ɗaya. Wadda ka rubuta da "k" marar lanƙwasa kalma ce ta daban, sunan mace mai zaman kanta, kuma ba ta dace da ranar farin ciki irin wannan ba. Tun shekarun 1930 aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko saboda irin wannan ruɗani, kuma yau madannin Gboard yana da Hausa, sai dai mutum ya ƙi sa ta. Wanda ya rubuta "mun yi baki" alhali baƙi suka sauka a gidansa, shi ma ya faɗi abin da bai nufa ba.

Amma ka lura da kyawun kalmar da ka zaɓa. Ba ka ce matata ta haihu ba, ka ce mun samu ƙaruwa. Haka Hausa take a wannan fage, ba ta jefa labarin ciki da haihuwa tsirara. Mace tana da juna biyu. Idan lokaci ya yi, ta sauka, kamar mai dogon tafiya da kaya a ka. Mai tambaya ya ce "an sauka lafiya?" sannan ya ce "me aka samu?" Masu zuwa barka kuma su ce barka da arziki, arzikin nan kuwa ba dukiya ba ce, tsira da rai ne, irin gaisuwar da ake yi wa wanda ya fita daga haɗarin mota. Wannan kunyar ce ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, ke sa yaron da ya ci sunan kakansa a riƙa ce masa Abba ko Baba, yarinya kuma Ummi ko Mama, don kada suruka ta kama sunan surukinta a tsakar gida da sunan tana kiran ɗanta.

Tambayar da ta fi tsaya mini a rai daga wani ɗalibin sakandare take, a Kano. Ya ce: "Malam, an ce ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. Na san ƙaiƙayi shi ne abin da ke sa mutum susa, to wace ce masheƙiya, kuma me ya sa jikinta zai yi ƙaiƙayi?"

Ɗana, ba laifinka ba ne. Kai garin tuwo ka sani a leda, ko a bokiti an dawo da shi daga inji. Bari in kai ka inda na ga abin da idona.

Ina yaro a ƙauyenmu, idan aka fito da damin gero daga rumbu, mata sukan kai shi masussuka a bayan gida. A zuba zangarniya a turmi a yi ta bugu har ƙwaya ta rabu da jikinta, wannan ita ce sussuka. Abin da ke cikin turmin a lokacin gauraye yake, ga tsaba ga ɓuntun da ya rufe ta, shi wannan ɓuntun mai sauƙi kamar ƙura shi ne ƙaiƙayi. Sai mace ta cika ƙwarya, ta ɗaga ta sama da kanta, ta riƙa tsiyayowa a hankali cikin wata ƙwaryar da ke ƙasa. Tsaba mai nauyi ta faɗa ƙwarya, iska ta kwashe ƙaiƙayi ta yi gaba da shi. Wannan aikin shi ne shiƙa, mai yin sa ita ce masheƙiya. Ina iya tuna kakata kafin ta fara, takan ɗebi 'yar ƙasa ta saki don ta ga inda iska ta nufa, sannan ta gyara tsayuwa. Wadda ba ta duba ba, ko iska ta juya mata, sai ka ga ƙaiƙayin ya dawo ya rufe mata kallabi da gira da wuya. Ƙaiƙayin gero kuwa idan ya haɗu da gumi, susa ce har dare, don haka ma'anar da ka sani da wadda ba ka sani ba a wuri ɗaya suka haɗu. Karin maganar tana nufin wanda ya watsa sharri don ya sami wani, sai ya dawo kansa.

Kuma shiƙa ba ita ce ƙarshe ba. Bayanta sai surfe, a yayyafa wa tsaba ruwa a buga a turmi har dusa ta fita. Sai bakace da faifai, a raba dusar da tsaba. A wanke, ruwan wankin nan mai kauri shi ne ƙasari, awaki da shanu ake ba. A baza ta sha iska, sannan a daka ko a niƙa a kan dutse, a tankaɗe da rariya, gari ya sauka, tsaki ya tsaya a sama. Idan fura za a yi, bayan an dafa sai a kirɓa. Idan mata biyu ko uku suka haɗu a turmi ɗaya, suna cilla taɓarya sama suna tafi kafin su cafe, lugude ke nan, ana jin sa daga wata unguwa a san akwai biki. Ka ga duk bugun turmi ne, amma sussuka daban, surfe daban, daka daban, kirɓi daban, kuma macen da ta san aikinta ba za ta taɓa musanya su ba.

Injin niƙa ya hutar da iyayenmu mata, ba na fatan a koma wahalar da ta sa tafin hannunsu ya yi kanta. Abin da ke damuna shi ne kalmomin suna nan a bakinmu amma hotonsu ya goge. Muna jin 'yan jarida suna cewa an yi tankaɗe da rairaya a ma'aikata, muna cewa wane ya surfa wa wane zagi, alhali da yawa ba su taɓa riƙe rariya ko ganin surfe ba. Ina roƙonka, idan kana da kaka ko gwaggo a ƙauye, in ka je hutu ka ce ta nuna maka shiƙa sau ɗaya.

Gajerun tambayoyi biyu. Wata ta ce 'yarta takan ce za ta yi wankin kwanoni, daidai ne? A'a. Tufafi ake wa wanki, jiki wanka, kwanoni da tukwane wanke-wanke. Wani kuma ya tambayi facala da agola. Matan wa da ƙane facalolin juna ne. Agola shi ne ɗan da mace ta zo da shi gidan sabon mijinta. Kalmar tana da ɗaci a kunnen yaro, ni dai ban so a kira shi da ita a gabansa.

Wata Hajiya daga zangon Kumasi ta ce karin maganar nan ta "naka sai naka, daɗin zama sai bare" tana ruɗa ta, domin rabin farko kamar yana yabon dangi, na biyu kuma kamar yana kushe su.

Hajiya, duka biyun gaskiya ne, kuma ke ma kin gani. Ƙawarki ta kasuwa ko maƙwabciyarki, da ita kike shan dariya, ita kike fara gaya wa an sa ranar 'yarki, domin babu gado tsakaninku, babu tsohon ƙorafi, babu wanda zai ce don me ba a shawarce shi ba. Zama da dangi kuwa akwai nauyi, zo mu zauna zo mu saɓa. To amma ranar da aka kwantar da mutum a asibiti, duba wanda ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin gado ya kwana. Sau da yawa wannan ƙanwar ce da kuka yi wata biyu ba ku ga maciji. Karin maganar ba ta ce ki zaɓi ɗaya ba, ta nuna miki abin da kowanne yake iyawa, don kada ki nemi raha wurin wanda Allah ya ajiye miki don ranar wuya, ki ce ba ya ƙaunarki.

Ta ƙarshe daga wata ma'aikaciyar jinya ce a Maraɗi. Ta ce majinyaci zai zo jikinsa kamar garwashi, ta ce "yaya jiki?" ya ce "da sauƙi". Tana tambaya ko wannan ba ƙarya ba ce.

Malama, ba ƙarya ba ce, domin ke ma ba tambaya kika yi ba, gaisuwa kika yi. "Yaya jiki" amsarta "da sauƙi", kamar yadda "ina labari" amsarta "sai alheri" ko da mutum ya zo da labarin rasuwa, kamar yadda manomin da ya wuni a gona zai ce "ba gajiya". Fata ne da godiya ga Allah, kuma an rene mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, wato ba duk abin da ke damun mutum yake zazzagewa a bainar jama'a ba. Ainihin labarin yana zuwa ne bayan gaisuwa ta ƙare, galibi da 'yar kalmar nan "sai dai". Za ki ji an ce "da sauƙi, alhamdu lillahi, sai dai jiya ban runtsa ba." Duk abin da kike nema yana bayan "sai dai" ɗin nan.

Saboda haka ki bar shi ya ba ki "da sauƙi" ɗinsa, ki amsa da "Allah ya ƙara sauƙi", sannan ki matso kusa, ki sassauta murya, ki ce: "Baba, ina ne ke maka ciwo? Tun yaushe? Ka iya cin abinci yau?" Idan tsohuwa ce kuma surukinta ko ɗanta na fari yana tsaye a kanta, ki nemi ya ɗan ba ku wuri kafin ki tambaya.