Saiwar Bishiya Ta Mamaye Ramin Taki

Ɗan'uwa, ka ce ramin takinka yana kusa da darbejiya, kuma saiwoyi sun cika shi. Ni ma na gamu da haka a gindin mangwaro. Na kai fartanya ta ƙi shiga, saiwoyi sirara sun ɗaure takin kamar raga, ya bushe ƙamas.

Laima da abinci suke bi, kuma saiwa takan wuce iyakar inuwar bishiya nesa.

Ka datse ƙananan da adda, ka kwashe takin. Shawarata ka haƙura da rami. Tara shi a kan daɓen siminti, ko cikin duro mai huji da aka ɗora kan bulo, kana juyawa duk mako biyu. Shimfiɗa buhu kawai ba ya tare saiwa.

Don Allah kada ka zuba gishiri ko baƙin mai; taki da ƙasa duk za su lalace.

In ka tarar da saiwa mai kaurin damtse kusa da gindi, kada ka sara. Iskar farkon damina na iya kayar da bishiyar kan katanga. Nemi ma'aikacin gandun daji ya duba tukuna.