Amsa: Saka tiraka a motar kaya asara ce?

Alhaji, ka tambaya ko saka tiraka, wato na'urar bibiyar mota, a motarka mai ɗauko kaya daga kasuwar Singa ta Kano zuwa Katsina asarar kuɗi ce. Ni dai na saka, ban yi da-na-sani ba.

A da, direba kan ce min yana Bichi taya ta fashe, ashe gogan naka yana Tsanyawa yana lodin buhunan wani da man da na zuba. Yanzu daga shagona a Babbar Kasuwa nake ganin inda motar ta tsaya da minti nawa ta yi. Tauraron ɗan'adam ke nuna wa na'urar inda take, amma da layin waya take aiko maka, don haka inda babu sabis shiru kake ji. Mun ɗanɗana a 2021 da aka katse layuka a wasu ƙananan hukumomin jihar nan ta Katsina.

Sai dai tiraka ba ta ƙirga katan. Kafin mota ta tashi, yaronka na Kano ya turo hoton rasit da na lodi ta WhatsApp, ka shigar a manhajar lissafi ta Excel, ka sake ƙirgawa wajen saukewa. Tsakanin lodi da saukewa ne katan-katan ɗin taliyata suka riƙa yin ƙafa.