Amsa ga 'yar'uwar da ke son barin hitar lantarki ta koma ta mai

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kun sayi gida a wani ƙauye a Ingila, babu layin gas, bil ɗin wuta yana cinye muku albashi da hunturu, kina tambaya ko ku koma boilar mai, wato tukunyar da ke dafa ruwan ɗumama gida. Mu ma mai muke ƙonawa a gidanmu shekara da shekaru.

Man nan fa kananzir ne, tanka ke kawowa ta zuba a tankin bayan gida. Lita ɗaya tana ba da ɗumi kwatankwacin yunit 10 na lantarki, to ki raba kuɗin lita gida goma, ki ɗan ƙara wani abu a kai don boila ba ta mayar da man duka ya zama ɗumi, sai ki gwada da kuɗin yunit da ke jikin bil ɗinku. In kuna kan Economy 7 ne, tsarin da wutar dare ta fi ta rana arha, da farashin dare za ki gwada ba na rana ba. Galibi dai mai ya fi arha, wannan ba gardama.

Inda gizo ke saƙar shi ne, gidan da aka gina da hitar lantarki ba shi da bututun ruwan zafi na ɗumama ɗakuna ko ɗaya. Ke kina lissafin kuɗin boila, mai aiki yana lissafin radiyeta (ƙarfen da ruwan zafi ke bi ya ɗumama ɗaki) a kowane ɗaki da ɗaga katakon ƙasa da fasa bango, ga tanki ga dandamalin kankare da zai zauna a kai, in kuma ƙasan gidan siminti ne sai dai bututu ya bi jikin bango kina kallonsa kullum. Kar ki yarda da farashi ta waya, a zo a ga gidan, kuma mai aikin ya zama yana da rajistar OFTEC, ƙungiyar da ke tantance masu aikin boilar mai. Tankin ma ba inda kika ga dama za a ajiye shi ba, yawanci sai an bar tazarar mita 1.8 tsakaninsa da taga ko rumfar katako. Ki sayi mai bango biyu, in na ciki ya tsage na waje ya tare, don kananzir in ya shiga ƙasa kuɗin kwashe shi sai ya fi na boilar.

Sai maganar aljihu. Dillalai ba sa kawo ƙasa da lita 500 kuma a dunƙule ake biya, sannan ƙayyade farashin da Ofgem, hukumar kula da wuta da gas, ke yi bai shafi mai ba, a 2022 da Rasha ta shiga Yukren lita ta haura fam ɗaya muna ji muna gani. Mu a lokacin zafi muke cika tanki, mun kuma shiga ƙungiyar maƙwabta masu haɗa oda. Kar ki bari ya ƙare ƙaf, iska za ta shiga layin, boila ta ƙi tashi, kuma wallahi sai daren da ya fi sanyi take yin haka. A yi wa boila sabis sau ɗaya a shekara, ki sa ƙararrawar hayaƙi mai guba, ki sa wa tankin kwaɗo don ana satar mai.

Tunda dai bututun nan sai kun saka ko ta yaya, ki nemi farashin hit pam ma, injin nan mai zuƙo ɗumi daga iskar waje. A 2023 gwamnati ta ɗaga tallafinsa zuwa fam 7,500 a Ingila da Wales, boilar mai ko sisi ba a bayarwa. In gidan tsoho ne mai zubar da ɗumi ni mai zan zaɓa, amma ki fara gyara rufin sama ya riƙe ɗumi tukuna. Ƙasan naku katako ne ko siminti?