Tuƙi ke kaɗai daga Garwa zuwa Marwa

'Yar'uwa, kin tambaya ko mace za ta iya tuƙa mota ita kaɗai daga Garwa zuwa Marwa, a arewacin Kamaru. Za ki iya, ni ma ina bin hanyar, amma ban taɓa barin magariba ta same ni a kanta ba. Tafiyar ta ɗan haura kilomita 200, don haka ki kama hanya bayan asuba, tanki cike tun daga gidan mai. Kada ki dogara da zuwa-zuwa, wato man fetur na kwalba da ake sayarwa a bakin titi.

Abin da ya fi damuna shi ne tsayawa a daji. Wata rana bayan garin Figil wani ɗan babur ya jera da ni, yana ta nuna tayata yana ihu. Gabana ya faɗi, amma na bar gilashi a rufe, ƙofofi a kulle, sai da na iso shingen jandarma na sauka. Tayar lafiyarta ƙalau.

Ki sanar da mutanen gida lokacin tashinki, waya da caji, jaka a ƙarƙashin kujera. Lambar 'yan sanda 117, jandarma 113.

Hanyar Mora zuwa Kuseri kuwa, don Allah kada ki bi ta ke kaɗai. Allah ya kai ki lafiya.