Kwana uku da daina shan taba, kwaɗayinta ya ƙi sakina

Ɗan'uwa, ka ce yau kwananka uku rabonka da sigari, ga ciwon kai, ga saurin fushi, har kana tambaya ko haka za ka dawwama. A'a. Kwana na biyu da na uku su ne mafi tsanani, domin nikotin, sinadarin taba mai sa kwaɗayinta, ya gama fita daga jininka, ƙwaƙwalwa kuma tana neman abin da ta saba. Yawanci cikin mako 2 zuwa 4 abin yake lafawa.

Kwaɗayin kansa zuwa yake ya wuce, da wuya ya daɗe fiye da 'yan mintuna. Idan ya taso, tashi daga wurin, ka kurɓi ruwan sanyi, ka sa asuwaki a baki. Ni asuwakin nan ya fi komai taimakona, don hannu da baki ma sun saba da kara.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne sabo: bayan cin abinci, teburin mai shayi, majalisar dare. Ka ɗan ƙaurace musu na wata guda, ko abokai za su yi maka tsiya. Ka rage kofi da goro kuma, saboda wanda ya bar taba, kafeyin, sinadarin da ke cikinsu, yakan daɗe a jikinsa fiye da da, ya hana shi barci.

Kada wani ya ruɗe ka da shisha, ita ma taba ce. Idan abin ya fi ƙarfinka, je wurin likita ko mai kantin magani ka tambayi cingam ko filastar nikotin, su gaya maka adadin da ya dace da kai.